Kaka Ta Ci Ni

Ranar da aka fara dawo wa Lai'atu da kwanonta ba a taɓa ba, faten acca ta dafa, da yakuwa da gauta. Ta ɗaga murfin, ta ga ko cokali ba a sa ba. Fatar nan da ke kwantawa a kan fate idan ya huce tana nan yadda take.

A gidan Hedimasta Meshak, bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, wuta uku ake hurawa da yamma. Akwai rishon Bernice, matar Meshak, wanda aka saya shekarar ƙarin albashin Udoji. Akwai murhun Emilia, matar wani ma'aikacin reluwe da ke haya a ɗakunan baya. Sai duwatsu uku na Lai'atu, mahaifiyar Meshak, a gindin gwanda. Ciyayya ake yi a gidan. Duk wadda ta sauke tukunya sai ta ɗiba ta aika wa sauran. Kwano ya tafi da fate ya dawo da shinkafa, ya tafi da wake da riɗi ya dawo da sakwara. Kowa ya san abin da kowa ya ci.

Daga ƙauye a gindin dutsen Kagoro Meshak ya ɗauko uwarsa bayan rasuwar mijinta. Ta ce shinkafa ba ta riƙe mata ciki, aka bar ta da murhunta.

Jikarta Martina 'yar aji biyu ce. Idan ta dawo daga makaranta, uba yana ofis, uwa tana taron zumuntar mata a coci, a gindin gwandar take zama. Kafin tukunya ta tafasa sukan yi carafke, wasan jefa 'yan duwatsu sama a cafe. Yatsun da suka shekara suna tsince tsakuwa daga acca ba sa kuskure. Kullum tsohuwar ke kwashe duwatsun.

"Na ci ka," in ji Lai'atu. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji.

"Kaka, na ci ki ake cewa. Ni mace ce."

"To na ci ka, na ci ki. Duka biyu na cinye."

Ranar ƙarshe da suka yi wasan, Martina ta yi fushi, tsohuwar ta lallashe ta da tsokar naman akuya daga tukunya. Washegari yarinyar ta tashi da zazzaɓi. Kafin la'asar ta fara sanƙarewa, aka kwantar da ita a asibiti.

Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai. Ya rubuta allura. Bernice tana zaune a bakin gado tana shafa mata ruwa, yarinyar ta buɗe ido ba ta ganin kowa, ta ce, "Kaka ta ci ni. Ta cinye ni duka."

Matar da ke jinyar ɗanta a gadon gefe ta ajiye kofin da ke hannunta. "Madam, kin ji? Ta kama suna."

"Zazzaɓi ne," in ji Bernice.

"Tsohuwar ta ba ta nama?"

Bernice ta daina shafa ruwan. Ta tuna ta ga maiƙo a bakin yarinyar. Ta kuma tuna jaririn da ta binne a shekarar da surukarta ta zo gidan. 

Da yammar nan ce kwanon ya dawo.

Lai'atu ta tari ɗanta a tsakar gida yana jingine kekensa. Da yarensu suke magana.

"Meshak, gishiri ya yi yawa a faten ne?"

"A'a, Mama. Babu mai marmarin abinci a gidan nan yanzu."

"Yaya jikin yarinya? Ka kai ni in gan ta."

"Likita ya hana shiga."

Ya wuce ɗaki bai dube ta ba. Jim kaɗan ta ji ƙamshin miyar tumatir da ƙarar cokali a faranti. Ta jira a aiko mata. Ba a aiko ba. Ta ci fatenta mai sanyi, ta rufe sauran.

Washegari ta dafa wake da riɗi da manja, abin da Martina ta fi so, ta zuba a kwano mai jan murfi ta kai ƙofar Bernice don a tafi da shi asibiti. Bernice 'yar Kwoi ce, ba ta jin yarensu, da Hausa suke magana.

"Maman Martina, ka kai masa wannan. Ko kaɗan ya ci."

Bernice ta ja da baya har bayanta ya bugi ƙyaure. "Ki ajiye a can, Mama."

"A ina?"

"A can. A ƙasa."

Kwanon ya wuni a ƙasa. Kaji suka zagaye shi, Bernice ta kore su da tsintsiya, kada su ci. Da Lai'atu ta aika wa Emilia nata rabon, shi ma ya dawo a rufe, an ajiye mata a bakin ƙofa ba sallama.

Kwana ɗaya bayan haka Bernice ta zo gindin gwanda da tsumma a hannu. Da tsumman ta ɗauki tukwanen tsohuwar, ko da yake babu mai zafi a cikinsu. Ta kai su sito tare da buhun acca da ƙwaryar wake, ta sa kwaɗo. Ta ture duwatsun murhu da ƙafa.

"Hayaƙi yana damun mutane, Mama. Ɓera kuma yana ɓarna a buhun nan. Ki huta da girki."

"To ni zan ci me?"

"Za a kawo miki."

Ba a kawo ba.

Meshak ya san ba a kai ba. Da safe yana goge takalminsa ya ce wa matarsa, "Ni fa ban yarda da irin wannan abu ba. Na yi kwaleji. Ni dattijo ne a ikilisiya."

"To ka ɗauki kwano ka kai mata. Amma in Martina ta mutu, ka san abin da za ka gaya mini."

"Ban ce a kai ba. Na ce ban yarda ba." Ya hura wa takalmin iska, ya ci gaba da gogewa. "Yarinya dai ba ta iya shirya ƙarya cikin zazzaɓi. Wannan ne ya ɗaure mini kai. A dakata tukuna, mu ga yadda jikin zai yi."

A hanyarsa ta fita ya bi ta bayan bayan-gida don kada ya wuce ƙofar uwarsa.

Babu wanda ya gaya wa Lai'atu laifinta. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kwanuka suna wucewa tsakanin Bernice da Emilia. Ta san kowane ƙamshi. Yau tuwon masara da karkashi, gobe doya da miyar gyaɗa. Ta sha ruwa. Ta tsinko ɗanyar gwanda ta fere ta ci, cikinta ya murɗa. Ranar Lahadi ta ɗaura zanenta na zumunta ta tafi coci tana dafa bango. Bencin da ta zauna ya watse, mata suka koma baya suna jan 'ya'yansu. A hanyar dawowa mai ƙosai ta rufe tirenta da ta hango ta. Da yamma yaran unguwa suka yi ta jifan kwanon rufin ɗakinta da duwatsu, suna gudu.

Emilia ce ta yi ƙarfin hali sau ɗaya. Ta naɗe dafaffen gwaza a ganyen ayaba ta ajiye a kan katanga, ta tsaya nesa tana shanya kaya.

"Mama, ki ɗauka. Kada ki ce ni ce."

Lai'atu ta ɗauka da hannu biyu. "Emilia, ka gaya mini don Allah. Na yi me?"

Emilia ta dubi ƙofar Bernice. "Sun ce Martina ta kama sunanki a asibiti."

"Ai jikana ne. Sunan wa zai kira?"

"Ba irin wannan kiran ba, Mama."

Tsohuwar ta tsaya da gwaza a hannu. A ƙauyensu ta taɓa ganin abin da aka yi wa matar da aka kira mayya. Ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, ta ci gwazan har da ɓawo, a tsaye. Mijin Emilia ya ga ganyen ayabar. Ya ce wa matarsa in ta ƙara, sai ta tattara kayanta, domin shi yana da 'ya'ya kuma haya yake yi. Ba a sake ajiye kome a katanga ba.

Da jikin Martina ya ƙara tsanani, Meshak ya aika a kira Kumai, ƙanen mahaifinsa, daga ƙauye. Kumai ya zo a motar kasuwa. Aka yanka masa kaza, ya ci da shinkafa a falo, ya sha ruwa, sannan ya fito ya tsaya a bakin ƙofar Lai'atu. Bai shiga ba. Meshak yana bayansa.

"Matar yayana, ki saki yarinyar nan."

"Kumai, ka san ni. Da matarka ta kwanta ciwo, daga tukunyata 'ya'yanka suka ci har suka girma. Wanne ya mutu?"

"Ban ce kina so ba. Abin nan yana shiga mutum bai sani ba. Jikinki yana kwance a gado, shi yana yawo. Kin ba ta nama ko ba ki ba ta ba?"

"Na ba ta."

"To."

"Nama ne kawai. Na akuya."

"Haka kowa yake gani a hannunsa." Kumai ya juya wurin Meshak. "In ba ta saki ba, mu kai ta gida ta sha gwaska, gubar gwada mayu. In ta yi amai, ta kuɓuta. In ba ta yi ba, an sani."

"Baba, hukuma ta hana wannan. Ni ma'aikacin gwamnati ne."

"To a bar ta da yunwa. Abin da take ci, da shi yake samun ƙarfi. In ya ji yunwa zai saki."

Meshak ya yi ajiyar zuciya. Daga baya ya gaya wa matarsa cewa ya ceci uwarsa daga guba, kuma ba kowane ɗa ne zai iya tsaya wa Baba Kumai haka ba.

Maganar Kumai ta zauna wa Lai'atu. Ta san ba ta taɓa nufin Martina da sharri ba. Amma ba ta san abin da take yi idan ta yi barci ba. Ta yi ta tuna mafarkanta ɗaya bayan ɗaya, tana neman yarinyar a ciki. Ta dubi hannunta da ya miƙa naman. Ta fara tsoron runtse ido. Idan barci ya ci ƙarfinta, sai ta ɗaure ƙafarta a jikin gado da ɗankwali, kada wani abu nata ya fita. Ta daina tsinkar gwanda. Wata safiya Bernice ta manta sito a buɗe ta tafi asibiti. Lai'atu ta rarrafa har bakin ƙofar, ta ga buhun accarta, ta jawo ƙyauren ta rufe da kanta.

Allura ta yi aikinta. Zazzaɓin ya sauka, Martina ta nemi shayi, ta gane uwarta. Matar gadon gefe ta ce, "Ba na gaya miki ba?" Bernice ta durƙusa ta yi addu'ar godiya. Kumai ya aiko daga ƙauye cewa kada a yi saurin ba da abinci, domin abin yana iya komawa. Meshak ya ce shi dai bai ce kome ba, amma kowa ya ga abin da ya faru.

Aka sallamo yarinyar, aka hana ta zuwa gindin gwanda. Aka ce mata Kaka ba ta da lafiya.

Da yammar nan Bernice ta dafa shinkafa da miyar kaza. Suna zaune su uku a teburi, rediyo yana karanta labarai. Martina ta ci kaɗan, ta ture farantin.

"Ni wake da riɗin Kaka nake so."

"Ci wannan," in ji Bernice.

"Baba, ina duwatsuna? Na bar su a wurin Kaka. In ta warke sai na rama."

"Ki rama me?"

"Carafke mana. Kullum sai ta ci ni. Ranar nan ma ta cinye ni duka, ko ɗaya ba ta bar mini ba. Wai na ci ka." Yarinyar ta yi dariya, tana kwaikwayon muryar tsohuwar. "Na ci ka, na ci ki."

Meshak ya ajiye cokali. Bernice ta kalli yarinyar, ta kalli mijinta. Mai karanta labarai ya ci gaba da magana a kan farashin gyaɗa.

"Wa ya san suna wani wasa?" in ji Bernice, da murya ƙasa-ƙasa. "Ni ina zumunta. Wa ya gaya mini?"

Meshak ya tashi ya ɗauko kwano mai jan murfi daga sito. Ya ɗauraye ƙurar, ya zuba shinkafa, ya ɗora cinyar kaza. Ya ƙetare tsakar gida, ya tura ƙofar.

Ɗakin yana wari. Lai'atu tana kwance a gefe ɗaya, zanenta ya zagaye ta sau biyu, ƙafarta a ɗaure da ɗankwali. Leɓɓanta sun tsage. Ya durƙusa ya buɗe murfin.

"Mama, ga abinci."

Hancinta ya motsa. Ta juya fuska bango.

"Na ji muryarta," ta ce. "Ta dawo?"

"Ta dawo. Ta warke. Mama, kuskure aka yi. Wasanku na duwatsu take nufi. Cewa ta yi kin ci ta a carafke."

"Da na daina ci ta tashi."

"Allura ce ta tashe ta."

"Allurar nan ana yi mata tun farko. Ba ta tashi ba sai da na daina." Ta numfasa. "Kai yaron kirki ne, Meshak. Tausayina kake ji, shi ya sa kake mini ƙarya. Fitar da shi. Ƙamshin yana shiga mini."

"Mama, cokali ɗaya."

"In na ci, abin ya yi ƙarfi, ya koma mata fa? Za ka iya rantsewa?"

Meshak ya buɗe baki. Ya dubi ɗankwalin da ke ƙafarta. Ya yi shiru daidai lokacin da ya kamata ya yi magana, kuma ta ji shirun.

"Ka gani," ta ce.

Ya kira Martina ta zo ta faɗa da bakinta. Da yarinyar ta leƙo, tsohuwar ta ja zane ta rufe fuskarta, ta yi magana da Hausarta ta kasuwa. "Ku fitar da shi. Kada ya zo kusa da ni. Kada in gan shi." Yarinyar ta fashe da kuka, Bernice ta janye ta.

Aka kawo kunu, ta datse haƙora. Emilia ta dafa faten acca da kanta, ta shiga har ɗaki, ta roƙe ta da sunan Yesu. Lai'atu ta gode mata, ta ce a ba yara. Da ta daina gane mutane aka sa ta a mota aka kai asibiti. Likitan da ya duba Martina ne ya duba ta. Ya ɗaga hannunta, ya ja fatar ya saki, fatar ta tsaya.

"Yaushe rabon matar nan da abinci?"

"Tsufa ne, likita," in ji Meshak. "Mun yi, mun yi, ta ƙi ci. Da kaina na kai mata kaza."

Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da aka riƙa faɗa a unguwa daga baya. Aka sa mata ƙarin ruwa. Ba ta kai ƙarshen makon ba.

A gidan Hedimasta aka yi zaman makoki. Meshak ya yanka sa. Matan zumunta suka kafa manyan tukwane a gindin gwanda, suka mayar da duwatsun murhun Lai'atu wurinsu domin murhu bai isa ba. Aka buɗe sito, aka fito da buhun accarta, aka yi tuwo da fate. Aka dafa wakenta da riɗi da manja. Maƙwabta suka yi ta aiko da kwanuka, doya, shinkafa, sakwara, har aka rasa wurin ajiyewa. Mai ƙosai ta aiko da tire guda. Yaran da suka jefi rufin ɗakin suka yi layi, kowa ya samu tsoka.

Mai wa'azi ya yi magana a kan girmama iyaye. Ya nuna Meshak, ya ce ga ɗan da bai bar uwarsa a ƙauye ba, ya kawo ta birni ta ƙare kwanakinta cikin hutu. Jama'a suka ce amin. Bernice ta yi kuka sosai, mata biyu suka riƙe ta. Babu wanda ya ambaci maita, babu wanda ya ambaci yunwa. Wata cikin masu rabon abinci ta ce tsohuwar ta bar acca mai kyau, ko tsakuwa ɗaya babu.

Martina tana zaune a bakin ƙofar ɗakin da duwatsunta a tafin hannu. Ba ta ci kome ba. Emilia ta zo wucewa da kwano, yarinyar ta tambaye ta, "Anti, me ya sa Kaka ta ce a fitar da ni?" Emilia ta ce ana jiranta, ta wuce.

Kumai yana kujerar manya a ƙarƙashin rumfa. Ya gama farantinsa, ya ce faten ya yi daɗi, a ƙaro masa. Faranti sun ƙare, sai aka zuba masa a kwano mai jan murfi.

Kwanon ya dawo a suɗe.